Saura Damina Ɗaya

Na Joyce Kefas

Shafi na 13

Ku gafarce ni, jama'a. Har yau in na tuna wai ni ce na ɗauki waya na ce zan rubuta labari, sai kunya ta lulluɓe ni. Ni makaranciya ce kawai, karambani ne ya kawo ni cikinku. Sau huɗu ina goge shafin nan ina sakewa. Anti Fadima da ta turo min saƙo har uku wai na rataye ku, don Allah ki yi haƙuri, ba jan rai ba ne, tsoro ne. In kun ga kuskure ku rufa min asiri.

*

Jessica ta ɗora littafinta mai koren bango a kan turmin da ke kife a tsakar gida, sannan ta ja da baya kamar wadda ta ajiye garwashi.

Mamanta Saloma na zaune tana zuba tuwo a kula. Kawu Philemon, yayan Mama, yana ɗaure buhuna a bayan babur. Asabar ce, rana ta kusa tsaka, kuma yau ake gama yankan dawa a gonar Baba Tsoho da ke kan tudu, can hanyar Dirin Daji. Abincin ma'aikata Kawu ya dawo ɗauka.

"Mama, ina da tambaya."

"In ta fim ce ki riƙe abarki."

"Ta fim ce."

Kawu ya bushe da dariya. "Ɗiyata, da ana ba da digiri a kallon talabijin ɗin shagon Madam Veronica, da tuni kin zama furofesa."

Jessica ba ta yi dariya ba. Shekararta goma sha tara, kuma duk abin da ta sani game da mahaifinta bai wuce abu uku ba: sunansa Abel, soja ne, ya mutu tana ciki. Sai hotonsa da ke rataye a falo, wanda take goge wa ƙura duk safiyar Lahadi kafin a tafi coci.

Ta buɗe littafin.

"Akwai wani marubuci, ba ya sa sunansa na gaskiya. Ɗan Tudu yake rubutawa a ƙarshen shiri. Shirye-shirye uku ya yi, duk na kimiyya, irin na 'yan sama jannati. Na kalle su duka, wani ma sau uku."

"Shi ya sa wake ke ƙonewa a gidan nan," in ji Mama.

"Mama, ki bari in gama. A cikin kowanne akwai mutum biyu da ke jin zuciyar juna. Ba baki, ba waya. Wannan ya yi tunani a nan, wancan ya ji a can. A na farko likitoci ne suka dasa musu wata na'ura a ka. A na biyu wani haske ne ya buge su a cikin jirgin sama jannati. Hanyar ce kawai ke canzawa, amma kullum mutum biyu ne, kuma kullum an hana su magana."

"To, ai basira ce ta ƙare masa," Kawu ya ce, yana jan igiya. "Mai labari ɗaya kamar mai riga ɗaya ne, wanki kawai yake yi."

"Ni ma haka na zata. Sai na lura da lissafin shekarun." Ta juya shafi. "Kullum akwai wani tsoho mai tsauri. Kullum sai ya ce wa namijin ya yi masa aiki shekara bakwai kafin ya ba shi abin da yake so. A jirgi, gyaran inji ne. A wannan na yanzu, Gonar Wata, noma ne a ƙarƙashin wani ƙaton gilashi. Kuma kullum, Kawu, kullum a shekara ta shida yake tafiya. Bai taɓa cikawa ba."

Igiyar ta tsaya a hannun Kawu.

"Kawu, wannan ba golmo ba ne?"

Duk ɗan Zuru ya san golmo. Saurayi ya shekara bakwai yana noma wa uban yarinyar da yake so, shi da abokansa, kafin a ba shi ita. Amma me ya kai golmo duniyar wata?

"Ƙila ɗan ƙasarmu ne," Kawu ya ce, bai ɗago ba. "Mu ma muna da masu ilimi."

"Na yarda. Amma duk lokacin da namijin zai tafi, magana ɗaya macen ke ji a cikin kanta. A duka ukun. Kalma uku." Jessica ta dubi mahaifiyarta. "Saura damina ɗaya."

Marar tuwo ta suɓuce daga hannun Mama ta faɗa ƙasa.

"A jirgin sama jannati fa, Mama. Ina aka taɓa yin damina a jirgi? Kuma wannan maganar na san ta. Ke kike faɗinta. In kina daka, in kin zata ba kowa kusa."

"Waƙar daka ce."

"Wace waƙa? Rera min sauran."

Mama ta sunkuya ta ɗauki marar, ta shiga goge ta da gefen zani, gogewar da ba ta ƙarewa.

Sati uku ke nan Jessica ba ta da sukuni. Ta naɗe hannun rigarta na hagu ta miƙa musu.

"A Gonar Wata akwai yarinya. Tana da tabo a nan, daidai inda nawa yake. Wai kunu ne ya ƙona ta tana da shekara shida."

"Wa ke dama kunu a wata?" Kawu ya yi ƙoƙarin dariya, dariyar ta maƙale.

"In za ta yi karatu sai ta toshe kunne ɗaya da yatsa. Tana tsoron agwagwa. Kawu, agwagwa! A wata! Ni ce fa. Mutumin nan ni yake rubutawa, kuma ban taɓa ganinsa ba." Ta saki hannun rigar. "Ko dai na fara taɓuwa, ko kuma abin nan gaskiya ne, yana jin abin da ke cikin kaina. Jiya har auduga na cusa a kunne, sai na tuna ai ba ta kunne yake shiga ba. Na rasa me zan toshe. Na je wajen Fasto, ya ce in yi azumi in rage kallo. Ku gaya min, aljani ne ko me?"

Mama ta juya a hankali ta dubi yayanta. Ba kallon tambaya ba ne.

"Philemon."

"Na'am."

"Agwagwa."

"Saloma, ki saurara..."

"Wa ya gaya masa tana tsoron agwagwa?"

Masa? Jessica ta dubi wannan, ta dubi wancan. "Wa? Wa aka gaya wa?"

Kawu ya cire hularsa, ya share zufa da ita, ya zauna a kan buhun da bai ɗaure ba.

"Ba aljani ba ne, ɗiyata. Ba kuma na'ura ba. Ni ne. Duk Lahadi bayan an taso daga coci nakan kira shi. Ya ce min, yau me ta yi? Me ta ce? Ta yi tsawo? Ni kuma in faɗa masa. Ban san a fim yake zubawa ba, ni da ko labarai ba na gama kallo nake barci."

"Shekara nawa?" Mama ta tambaya.

"Tun tana rarrafe."

"Yesu!"

"Ku tsaya," Jessica ta ce. "Don Allah ku tsaya. Wa kake kira?"

A bayan katanga wata akuya ta yi kuka.

"Ubanki," in ji Kawu.

"Babana ya mutu."

"Bai mutu ba."

"Soja ne. Ya mutu a bakin daga."

"Abel?" Kawu ya yi wata 'yar dariya mai ɗaci. "Abel da ko kaza aka ba shi ya yanka sai ya ba ta haƙuri tukuna?"

Jessica ta nuna ƙofar falo. "To wancan fa? Wancan da nake goge wa fuska duk Lahadi? Wanda na kai wa sakamakon jarrabawata na nuna masa?"

"Ɗan yayan Baba ne," Mama ta ce ƙasa-ƙasa. "Shi kam da gaske ya mutu a soja."

"Kuna kallona ina ce masa Baba."

"Jessica..."

"Shekara goma sha tara kuna kallona!"

"A Zuru wace ƙarya ce ta fi wannan sauƙi?" Kawu ya ce. "Wane gida za ki shiga ba ki ga hoton soja a bango ba? Ba mai tambaya."

Jessica ta zauna a ƙasa kusa da turmi. So take ta yi kuka, amma ta rasa wanda za ta yi wa: wanda ya mutu kuma ba ubanta ba, ko ubanta da bai mutu ba.

Mama ta fara magana ba tare da ta dube ta ba.

"Damina shida ya yi wa Baba. Bai iya noma ba, abokansa ke rufa masa asiri, amma bai taɓa fashi ba. Sai ga takarda daga Jos, wai ya samu gurbin karatun shirya wasan talabijin. Ya durƙusa gaban Baba ya ce a ɗaga masa, in ya dawo zai cika. Baba ya ce da soja zai shiga da ya yafe masa daminar ma baki ɗaya. Amma ya bar garma don ya je ya koyi wasan kwaikwayo? Ya ce in ya taka ƙofar nan ya fita, a gidan nan ya mutu."

"Ya tafi ya bar ki?"

"Ni na ce ya tafi. Ban san ina ɗauke da ke ba. Da aka haife ki ya dawo a guje, Baba ya tare shi a bakin zaure ya ce wanda bai cika golmo ba ba shi da mata, balle ɗiya. Ko fuskarki bai gani ba."

"Kuma kika yi shiru."

"Ubana ne. A gidansa nake, ke kuma kina goye."

Jessica ta jawo littafin ta ɗora a cinya. Ta bi abubuwan da ta rubuta da ido. Tabo, Kawu ne. Agwagwa, Kawu ne. Toshe kunne, Kawu ne. Sai ta iso layi na ƙarshe, wanda ta ja wa jan biro sau biyu.

"Kawu, ka gaya masa maganar randa?"

"Wace randa?"

"A shirin makon jiya, yarinyar ta sa kanta a bakin tankin ruwa ta ce, Baba, kana ji na?" Ta ɗago kai. "Ni ina yi. Tun ina ƙarama. In ba kowa a gida sai in buɗe waccan randar in sa kaina in kira shi. Ban taɓa gaya wa kowa ba. Ko Fasto."

Kawu ya girgiza kai. "Wannan kam ban sani ba. Na rantse da Littafi."

Mama ta zuba mata ido, fuskarta ta canza.

"Wa ya koya miki?"

"Ba kowa."

"Ki tuna dai. Ko kin taɓa ganina ina yi?"

"Ke ma kina yi?"

"Ba ni ba. Shi." Mama ta dafe ƙirji. "Lokacin golmo ba ma iya magana a gaban Baba. In sun taso daga gona sai ya ce ƙishi yake ji. Ya zo bakin randa ya sa kai kamar mai duba ruwa, ya yi magana ƙasa-ƙasa. Ni kuma ina bayan zana, kunnena a jikin randar. Duk abin da ya faɗa ina ji. Abokansa har tsokanarsa suke, wai mu biyu ba ma buƙatar baki. Ranar da zai tafi ma a nan ya faɗa min. Saura damina ɗaya."

"Waccan randar ce?"

"Ita ce. Da ita muka sauko daga tudu."

Su uku suka juya suka dubi randar da ke gindin bishiyar gwanda, da murfinta na faifai da moɗa a kai. Randa ce kawai. Jessica ta ji tsigar jikinta na tashi. To shi daga rayuwarsa ya ɗauko, ko daga tata? Ita kuma daga ina ta ɗauko? An warware mata ƙulli ɗaya, an ƙulla mata wani.

"Yana ina yanzu?" ta tambaya. "Jos? Legas?"

Kawu ya dubi buhunan da ke kan babur. Ya dubi kular tuwo. Ya dubi ƙasa.

"Philemon," Mama ta ce, "me ka yi?"

"Shi ya roƙe ni. Tun ruwan farko ya zo. Ya ce ya gaji da rubuta abu ɗaya. Ya ce duk lokacin da ya zauna zai ƙirƙiro sabon labari, sai ya ga ya sake komawa gonar Baba. Wai ba zai iya rubuta ƙarshe ba sai ya noma shi."

"Kana nufin..."

"Tun shuka yake can. A bukkar gona yake kwana. Ya ce a kira shi da sunan ubansa don kada magana ta sauko gari."

Jessica ta miƙe tsaye ba ta san ta miƙe ba.

Sau uku ta bi Kawu gona da abinci a daminar nan. Akwai wani mutum mai tabarau a cikin ma'aikatan, mai furfura a gemu, wanda hannunsa duk ya yi bororo, kuma kullum kunyar da yake nomawa ce ta baya, a karkace. Sauran suna ce masa Malam Dawuda. Shi ne ya taɓa tambayarta me take karantawa. Ita kuma da ta samu mai saurare, sai ta saki baki.

"Wayyo Allah." Ta rufe baki da hannu. "Kawu, na zage shi."

"Kin zage shi?"

"Na ce masa Ɗan Tudu matsoraci ne. Na ce mutanensa kullum suna jin zuciyar juna amma ba wanda ke da ƙarfin halin buɗe baki. Na ce in da ni ce yarinyar, da ba zan yafe wa uban ba."

"Shi kuma ya ce me?"

"Ya yi dariya. Ya ce ina da gaskiya. Sai ya cire tabarau wai hakin dawa ya faɗa masa ido."

Ƙwas. Ƙwas.

Ƙarar sanda ce a kan siminti. Labulen ɗakin ƙurya ya ɗaga, Baba Tsoho ya fito, mahaifin Mama da Kawu, tsohon sajan soja mai shekara tamanin da wani abu, wanda kowa ke zaton kunnensa ya yi nauyi.

"Mi ni ka ji?" ya ce. "Wa ke noma gonata?"

"Baba, ka zauna tukuna," in ji Kawu.

"Ban zama. Matacce ke noma min dawa? Ita zan ci?"

"Ya cika, Baba. Ta bakwai ke nan. Yau za a ɗaure dami na ƙarshe. Ya ce in gaya maka da yamma bayan ya tafi, don ba ya son ya tilasta maka. In ka yarda, ka aika masa. In ba ka yarda ba, ya dai sauke nauyi."

"Bayan ya tafi?" Jessica ta ce. Ba wanda ya ji ta.

"Motar ƙarfe biyu zai bi daga bakin hanya," Kawu ya ci gaba. "Jakarsa ma a ɗaure take."

"Golmo da furfura!" Baba Tsoho ya buga sanda. "Ina aka taɓa yi? Bakwai a jere aka ce, ba shida yau ɗaya bayan shekara ashirin ba! Kuma ba da sanina ba? Wannan sata ce, ba golmo ba!"

"Satar me, Baba? Noma ya yi maka!"

"Kai kuma munafuki, da kai aka haɗa baki!"

"Baba, ya isa." Muryar Mama ce. Jessica ba ta taɓa jin ta ɗaga wa mahaifinta murya ba. "Ya isa haka. Ka binne min miji da rai, na yi shiru. Ka rataya wa ɗiyata hoton wani, na yi shiru. Yau kam zan yi magana."

Daga nan Hausa ta ƙare musu, suka juye zuwa yarensu na C'lela, su uku a lokaci guda, kowa na nuna wani da yatsa. Baba Tsoho na cewa ba mai taka ƙofar nan yau. Kawu ya zare makullin babur ya cusa a aljihu don tsohon ya ga ba inda za shi. Mama na kuka tana magana.

Ba wanda ya tambayi Jessica komai. Ba wanda ya ko dube ta.

Ta duba wayarta. Ɗaya saura kwata. Daga Zuru zuwa bakin hanyar gona awa guda ce a kan babur ɗin kabu-kabu, in an dace.

Me za ta ce masa? Baba? Malam Dawuda? Ɗan Tudu? Haƙuri za ta ba shi, ko shi zai ba ta? Ba ta sani ba. Ko son ganinsa take ko shaƙe shi, ba ta sani ba.

Ta matsa gindin gwanda kamar mai jin ƙishi. Ta ɗaga faifan. Sanyin ruwan ya bugi fuskarta. Ta sa kai, ta ji wauta ta kama ta, ta kuma ji ba za ta iya fasawa ba.

"In dai kana ji na," ta raɗa, "kada ka hau motar nan."

Randar ta maido mata da muryarta, ba ƙari.

Ta mayar da faifan. Ta sunkuya ta ɗauki kular tuwon da ke bayan Mama, ta rungume ta a ƙirji. Littafin mai koren bango ta bar shi a ƙasa, iska na juya shafukansa.

Ta bi ta bayan garken awaki, ta zare sakatar ƙaramar ƙofa a hankali don kada ta yi ƙara.

Sandar Baba Tsoho na ci gaba da bugun siminti lokacin da ta ja ƙofar ta rufe.